Baƙuwar da ta ƙi yarda da "da sauƙi"

Shekara ashirin ke nan da aka ɗauki Hajiya Amina daga lungunmu na unguwar Hindawiyya, nan ƙasa mai tsarki, zuwa makwancinta. Allah ya haskaka kabarinta.

Baƙar fata ce 'yar Amurka. Ta zo aikin hajji da mijinta, shi ya cika a Mina, ita kuwa ta ce ba za ta bar ƙasar da aka binne shi ba. Ta kama ɗaki jikin gidanmu. Mun gan ta baƙa kamarmu, muka yi ta gaishe ta da Hausa tana murmushi kawai, har muka ce girman kai ne. Ashe baiwar Allah ba ta jin Hausar.

A shekarar na haifi ɗana na uku. Ina cikin jego ƙafafuna suka kumbura, in na kwanta numfashi ya sarƙe. Mata su zo dubiya, su ce ya jiki, in ce da sauƙi, don haka aka koya mana: mai ciwo ba ya kai ƙarar Ubangijinsa. Su yi addu'a, su tashi. Gwaggona kuwa sai ƙara mini kunun kanwa take yi.

Amina ba ta tashi ba. Ta danna yatsa a ƙafata, gurbin ya ƙi cikowa. Ta ce da 'yar Hausar da ta tsinta, "Binta, babu sauƙi. Yalla, mu tafi asibiti."

Gwaggo ta ce, "Ke baƙuwa, mai jego ba ta fita kafin arba'in."

Amina ta ce, "Inna, gawa tana fita."

Gwaggo da hannunta ta ɗauko mini mayafi.

Likita ya ce zuciya ce, a daina kanwa, a rage gishiri. Da aka sallamo ni, Amina ta raba wa matan lungu kwanaki: yau wannan ta yi miya, gobe waccan ta ɗauki jariri, wata ta tsaya a kaina sai na haɗiye magani. Ta ce haka matan cocin mahaifiyarta suke yi, don a garinsu asibiti ba ya maraba da baƙar fata, sai suka zama asibitin juna. Da ta musulunta ba ta yar da wannan ba.

Yau da za ta ga ana dubiya ta waya, da ta yi tsaki. Amma da ta ga jikata Hadiza, wadda Hausarta ma ba ta fita sosai, da ta yi murna. Watan jiya maƙwabciyarsu ta kwanta, Hadiza ta raba wa ƙawayenta kwanaki, ta sa ni ma a ciki. Na ce mata na tsufa. Ta ce, "Kaka, ke zama kawai za ki yi, ki duba ƙafarta."

Amina ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Amma a lungun nan har gobe ba a barin mai ciwo ya ci abinci shi kaɗai.