Ƙugin da Baba Kunne Ya Bi Sawu

Shekara arba'in da wani abu Baba Kunne ya yi yana gyaran rediyo da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, a wani shago mai ƙofa ɗaya, kuma ba a taɓa ganinsa da mitar awon wuta a hannu ba. Sukundireba kawai yake ɗauka, ya dafa bakinta a jikin na'ura, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa, ya lumshe ido, sai ya faɗa maka ciwon. Daga nan sunan ya samo asali. Ga iya aiki, ga kuma girman kai kamar me. In ka fara yi masa bayani sai ya katse ka: "Kai ka kawo, ni zan ji."

Abin da ko matarsa ba ta sani ba shi ne, wata shida ke nan wani ƙugi ya tare a kunnensa na hagu, irin wanda taransifoma ke yi in ta gaji. Yakan zo ya tafi. Sau biyu ya kwance na'ura lafiyayya yana neman abin da babu. Tsoro yake ji sosai, domin in kunnen ya tafi, sana'ar ta tafi, sunan ma ya bi su.

Ana cikin haka wata malama da ta yi ritaya ta kawo amfilifayar marigayi mijinta, an naɗe ta da tawul. Ta ce kullum bayan la'asar sai na'urar ta kama ƙugi, daidai lokacin da marigayin ke dawowa daga aiki ya zauna kusa da ita. Jikokinta har sun daina shiga falon.

Kwana uku amfilifayar tana a kunne a shagonsa, ko tari ba ta yi ba. Ya mayar, washegari malamar ta sake aikowa. Ransa ya ɓaci, amma ya san in kaya ya yi shiru a shago ya yi kuka a gida, to wutar gidan za a tuhuma. Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Falon na nan yadda mai shi ya bar shi. Kujerarsa ta lotsa a tsakiya, tabaraunsa na kan tebur, faya-fayansa a jere. Baba Kunne ya zauna a ƙasa, don ya kasa zama a kujerar. Bayan la'asar da kaɗan sai ƙugin ya taso, a hankali, kamar mutum na gyaran murya a ɗakin da ke kusa. Tsikar jikinsa ta tashi. Bai san nasa ba ne ko na na'urar, sai da ya saci kallon malamar ya ga ta damƙe hannun kujera. Allah Ya yafe masa, daɗi ya ji da ya ga tsoronta.

Ya cire wayoyin sifika, ƙugin na nan. Ya dafa murfin amfilifayar, yana rawa a tafin hannunsa. Ƙaramar taransifomar da ke cikinta ce da kanta ke karkarwa. Ya sa aka kashe firji, aka kashe fanka, aka zare dutsen guga, duk a banza.

"Malama, su waye ke shan wuta a layi ɗaya da ku?"

"Sai mai gyaran gashi da ta kama shagon ƙasa bara."

Ya sauka ya samu matar tana busar da kan wata, ta saita injin a rabin zafi. Ya roƙe ta ta kashe, ya ɗaga kai wajen taga.

"Ya tsaya!" in ji malamar daga sama.

Aka kunna, ta ce ya dawo. Aka kai injin ƙarshen zafinsa, ta ce ya kusa ɓacewa. Mai gyaran gashin ta yi dariya: "Baba, ashe ni ce fatalwar?" Ya yi mata bayani cewa a rabin zafi injin nata gefe ɗaya na wutar yake ja, sai ta isa sama a karkace, ita kuwa taransifoma ba ta jure karkatacciyar wuta. Bayan la'asar ne kuma mata ke tasowa daga aiki su cika mata shago.

Kwana biyu ya haɗa wani ɗan akwati mai daidaita wutar, ya koma ya sa shi tsakanin soket da amfilifaya. Suka jira har injin ƙasa ya tashi. Ya manna sukundireba, ya lumshe ido. Ƙugi yake ji, cike da kansa. Ya daɗe a durƙushe, gumi na bin wuyansa.

"Alhamdulillahi, tsit," in ji malamar. Ta share ido da gefen mayafi. "Ka san wani abu? Har na fara sabawa da shi."

Ta zaro wani faifai ta sa, ta ce tun rasuwar ba ta iya sauraronsa ba. Ganga ta fara, murya ta biyo. Can sai ta ɗaga yatsa, fuskarta ta washe.

"Yawwa, ga ta nan! Ka ji siririyar sarewar nan ta baya? Saboda ita kaɗai marigayi yake maimaita faifan sau uku."

Baba Kunne ya juya kunnen dama, ya matsa har kafaɗarsa ta taɓa sifikar. Ganga yake ji, da murya, da ƙugin. Ƙarya ta zo masa har bakin leɓe, kuma da ta wuce ba wanda zai kama shi. Ya ajiye sukundirebar a kan kafet.

"Malama," ya ce, "ban ji ta ba. Don Allah gaya mini yadda take."