Takalman Rifkatu

Laraba: Jos zuwa Lokoja

Ƙarfe biyar saura kwata muka bar tashar Titin Bauchi, sanyi na cizon kunne. Mu uku ne: ni, da Rifkatu 'yar ƙanwata, da Bulus abokin rawarta. Rawar bale suke yi, wadda mace ke tsayawa kan yatsun ƙafa, namiji ya ɗaga ta sama kamar tulu. Gasar ƙasashe za a yi a Legas, kuma ukun farko za a kai su karatun rawa waje. Uwarta ta ce ni zan raka su tunda na san duniya. Ni ma haka nake zato.

Bayan Akwanga ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Oga, ina zuwa?" Na ce rawa. Ya dubi tumbina, ya ce Allah ya ba da sa'a. Da la'asar muka shiga Lokoja, muka ci sakwara da kifi, muka kama ɗaki biyu masu fanka mai kuka.

Alhamis: Legas

Ƙarfe huɗu muka isa. Rifkatu ta shanya takalmanta na rawa a taga, suka tafi duba dandali ita da Bulus. Na ɗauka na duba: sun koɗe, bakinsu ya sha ɗinki, ƙasan duk a kankare. Na ce a raina, 'yan Brazil da Ghana su gan mu da wannan tsumma? Na kai wa wani Bakatsine mai gyaran takalmi a bakin titi. Ya jujjuya su, ya ce, "Yallaɓai, mutum ke sa wannan?" Ya manna musu roba mai kauri, ya buga ƙusa. Dubu biyu, har da tukuici na ƙara masa.

Da ta dawo ta gani, ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi. Bulus ne ya yi min bayani, kansa a ƙasa: sati uku ta yi tana lanƙwasa su har suka bi ƙafarta, ita ta kankare ƙasan saboda santsi, ita ta ɗinke bakin. Abin da na ɗauka tsufa, ashe shi ne gyaran.

Ta ce, "Kawu, ba komai." Ban iya cin abinci ba.

Juma'a: gasa

Akwai sabbi a jakarta, masu tauri kamar katako. Su ta sa. Ƙarfe biyu aka kira su, ni kuwa can layin baya na maƙale. Ta juya, ta tashi sama, tana murmushi. Na lura duk sanda Bulus zai sauke ta, a hankali yake yi, kamar mai ajiye ƙwai. Na huɗu suka zo. Da ta cire takalmin, safar ta manne da jini.

Lahadi: gida

Da magariba muka sauka unguwarmu, Nasarawa Gwom. Uwar Rifkatu ta yi mana ya hanya, Rifkatu ta ce lafiya lau, Kawu ya kula da mu sosai. Nan na kasa daurewa, na faɗi komai da bakina. Ƙanwata ta daɗe tana kallon robar, sannan ta ce, "To, Yaya, za su yi zuwa gona."

Godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, da direbobi, da yarinyar da har yau take durƙusawa ta gaishe ni. An ce baɗi ma ni zan raka su, amma jakar takalma Bulus zai riƙe.