Ƙwayar Ƙarƙashin Faifai

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta, amma ranar da aka bugo waya daga Kabo aka ce ɗana na fari ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo, wannan kam da ita zan shiga kabari. Shekaru sun ja, yaron har ya tara gemu, amma ko yau na ɗaga faifai daga kan kwanon tuwo sai ranar ta dawo min sabuwa fil.

Ni tela ce a Gwarzo, kekena yana bakin ƙofar ɗakina. Irin matan nan ne da aka raina da kunyar ɗan fari, kuma na riƙe ta da hannu bibiyu. Tun da aka yaye yaron, kakarsa, wato surukata da muke kira Inna, ta ɗauke shi. Gida ɗaya muke, ɗakinta yana kallon nawa, amma ban taɓa kiran sunansa ba. In ya kama dole sai in ce "kai" ko "yaron nan", shi kuma Yaya yake ce min kamar yadda ƙannen babansa ke faɗa. Babansa fataucin hatsi yake zuwa Kudu, sai ya yi wata guda ba ya gida. Har yabona ake a unguwa, wai wance akwai kara, ko ɗanta zai faɗa wuta ba za ta ɗaga kai ba. Ni kuwa in ji daɗi, kaina ya yi ta fasuwa. Kaico, ashe wautata ake yabo.

Shekarar da ya cika sha huɗu sai ya miƙe kamar karan dawa. Sau biyu ina warware kalmasar wandonsa na makaranta ina ƙara tsawo. Abin dariya, na san awon ƙafarsa da ƙugunsa da ka, amma ban san abin da ke ransa ba. Ƙwallo kuwa ita ce cinsa ita ce shansa. Da asuba gudu, da yamma fili, kuma an ce a 'yan gaba babu kamarsa a ƙungiyar unguwarmu. Bayan an kawar da amfanin gona aka shirya gasa tsakanin garuruwa, suka cinye Getso, suka cinye Madadi, ya rage wasan ƙarshe da za a buga a Kabo.

A tsakiyar gasar nan na lura yana ɗingishi. Ta wutsiyar ido nake kallonsa ina taka keke. In ya zo tahiya a salla sai ya miƙe ƙafar dama, ba ya iya lanƙwasa ta. Wata rana yana alwala ya naɗe wando, na hango wani ƙullutu ya taso a ƙasan ƙoƙon gwiwarsa. Ina ni ina tambayar ɗan fari lafiyarsa, ga kakarsa zaune tana jan carbi? Sai na yi dabara irin tawa. Na saka mayafi na je kemis na ce a ba ni maganin ciwon gwiwa mai ƙarfi, aka ba ni wasu jajayen ƙwayoyi. Kullum in na zuba masa abinci sai in ajiye guda a ƙarƙashin faifan da na rufe kwanon. In an dawo da kwano in ga babu ƙwaya, sai in ji sanyi a raina, in ce na sauke nauyi ba tare da na zubar da girmana ba.

Kwana biyu ɗingishin ya ragu, na ƙara yarda da kaina. Sai dai kuma ya fara rage tuwo, yaron da a da sai ya side kwano. Wani lokaci in gan shi a zaure ya dafe ciki ya sunkuya. Na ce a raina awara ce da ƙosai yake cika cikinsa da su a waje, samari ai ba a raba su da kwaɗayi.

Akwai wata maƙwabciyarmu 'yar Filato, Kirista ce, tana koyarwa a makarantarsu. Ni nake mata ɗinki, kuma mun shaƙu har ba ma ɓoye wa juna magana. Ana saura kwana uku wasan ta kawo min atamfa, ta zauna a kan tabarma, muka gaisa muka tambayi mutan gida, sannan ta ce, "Maman yara, yaronki fa bai da lafiya. Jiya a aji kwanciya ya yi a kan tebur, leɓensa duk ya yi fari. Kin tambaye shi kuwa?"

Na yi dariya na ce, "Haba Malama, ni zan tambaye shi? Ai uwarsa tana nan," na nuna ɗakin Inna da baki.

Ta girgiza kai ta ce, "Ku dai da wannan kunya taku. Ni nawa na fari har kunnensa nake leƙawa."

Na ce, "Shi ya sa ya raina ki." Muka yi dariya, na auna ta, ta tafi. Allah ya aiko min da mai faɗakarwa har kan tabarmata, na sallame ta da barkwanci.

Ranar wasan, bayan la'asar, ina cikin kafa wuyan riga wayar Inna ta yi ƙara. Ba ta ji sosai, sai ta miƙo min. Kocinsu ne, wani saurayi mai walda a bakin kasuwa. Ya ce ana tafiya hutun rabin lokaci yaron ya durƙusa ya yi amai baƙi kamar jiƙaƙƙen ƙanzo, sannan ya faɗi, yanzu suna asibiti a can Kabo. Ban san lokacin da na ture keke ba. Malama ce ta samo mana mota, muka shiga mu uku da Inna. A hanya salatin Inna kawai ake ji. Ni kuwa ledar jajayen ƙwayoyin nan tana ƙulle a gefen zanina, don Malama ta ce duk abin da aka san yana sha a taho da shi.

Mun same shi an saka masa ruwa, idonsa a rufe, rigar ƙwallon tana jikinsa. Likitan, wani dattijo mai sanyin magana, ya kira mu ofishinsa tare da kocin. Ya dube mu ya ce, "Wace ce mahaifiyarsa?" Wallahi ko a wannan hali sai da na sunkuyar da kai ina jiran Inna ta amsa. Malama ta zungure ni da gwiwar hannu, na ce, "Ni ce," da wata murya kamar ta wadda aka kama da sata.

Ya ce, "To Hajiya, alamu sun nuna cikinsa ne ya ji rauni har ya yi jini. Akwai maganin da yake sha?"

Na kwance gefen zani na ajiye ledar a kan tebur, na ce kullum sau biyu, kusan sati uku ke nan. Inna ta juyo ta kalle ni baki buɗe ta ce, "Ke ma ba shi kike?" Sai ta laluba jakarta ta fito da wani kwali, maganin ciwon gaɓoɓinta ne da aka rubuta mata. Ta ce, "Ni dai na ga yana min aiki, na ce gwiwa ai gwiwa ce. Safe da dare nake ɓallar masa." Kocin ya share gumi, ya zura hannu a aljihu ya ajiye nasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni kuma kafin a shiga fili nake ba shi. Yau biyu na ba shi saboda wasan ƙarshe ne, kuma ya ce min bai ci komai ba."

Likita ya jera su ukun, ja da fari da ruwan ɗorawa. Ya juya bayansu yana karanta ƙananan rubutun, ya miƙa wa Malama ita ma ta duba. Ya ce biyu daga ciki magani ɗaya ne sak, kamfani ne kawai da launi suka bambanta, na ukun kuma ɗan'uwansu ne na jini. Irin maganin da ko ɗaya ne ba a son a daɗe ana sha, ba a son a sha da yunwa, balle a haɗa uku a cikin yaro mai gudu cikin rana. Ya ce ciki yake ci, kuma yana iya taɓa ƙoda, za su duba jininsa su gani. Bai yi mana faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi.

Inna ce ta yi ƙarfin halin tambaya, "To gwiwar fa, likita? Ba karaya ba ce?"

Ya ce a'a. Ya ce masu bincike sun daɗe da sanin wannan ciwo a yara masu wasa da ke cikin ganiyar tsawo. Ƙashi ne ke saurin miƙewa, jijiyar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa ta yi ta jan inda ta kama, wurin ya kumbura. Mafi yawa yana lafawa da kansa in girma ya daidaita. Abin da yake so hutu ne, da ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, da motsa ƙafa irin wanda za a koya masa. Ya ce, "Zafin nan shi ke ce masa ya tsaya. Ku kuma kun taru ku uku kun toshe wa zafin baki." Na tuna karin maganar nan ta hannu da yawa maganin ƙazamar miya, na ce a raina yau ga inda hannu da yawa ya kusa kashe min ɗa.

Da muka fito, Inna ta tafi alwala, Malama ta tura ni cikin ɗakin ta ja ƙofa. Na zauna a bakin gadon, abin da ban taɓa yi ba tun yana goye. Na daɗe ina kallon doguwar ƙafar nan da na san awonta. Sannan na buɗe baki na kira sunansa. Ya buɗe ido ya dubi ƙofa, ya dubi taga, yana neman wanda ya kira shi. Da ya gane ni ce sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Yaya, ashe kin san sunan?"

Na ce, "Ungo naka, ni da na sha wahalar haihuwarka." Hawaye na zuba ina dariya. Na ce, "Ina ke maka ciwo? Me ya sa ba ka faɗa wa kowa ana ba ka magani har uku ba?"

Ya ce na koci yana sha ne don kar a ajiye shi a benci, na Inna kuma ba ya iya ce mata a'a. Da cikin ya fara ciwo ya yi niyyar dainawa, har ya fara zubar da na Inna a bayan ɗaki. Sannan ya ce, "Naki ne na kasa bari. In na ɗaga faifai na gan shi, sai in san kin ga ina ɗingishi."

Ban taɓa jin magana ta dake ni kamar wannan ba. Shekara sha huɗu yaron nan yana jiran in ce masa sannu, da bai samu ba sai ya karɓi sannun a ƙwaya, yana haɗiya tana cin cikinsa.

Allah ya taƙaita, ƙodar ba ta taɓu ba. Kwana huɗu muka yi aka sallame mu da maganin ciki da dokoki. An cinye su a wasan, ya yi ta mita har muka iso Gwarzo. Wata uku bai taka fili ba, ni nake aika a sayo ƙanƙara wajen masu sanyaya lemo, in naɗe a ƙyallen atamfa in ɗora masa da hannuna, Inna tana daga ƙofarta tana cewa duniya ta lalace, wai uwa ce ke wa ɗan fari jinya a tsakar gida. Amma na sha kama ta tana murmushi. Gwiwar ta warke kamar yadda likita ya faɗa, ƙullutun dai yana nan har yau, in ana hira yakan nuna wa ƙannensa.

Tun daga ranar, a gidanmu hannu ɗaya ke ba mara lafiya magani, kuma sai wanda likita ya rubuta wa shi mai ciwon, ba na kaka ba, ba na maƙwabci ba. Ban zubar da kunya ba, har yanzu a gaban mutane "yaron nan" nake cewa. Amma na gane kunya ado ce ta ranar lafiya. In ɗanka yana ɗingishi, ka kira shi da sunansa ka tambaye shi ina ke ciwo da abin da ya riga ya sha, tun kafin likita ya yi maka tambayar ka rasa amsa.