Kwalbar Farko a Kular Inna Hure

Ban taɓa ganin Inna Hure ta gama shan koko a zaune ba. Da safe take ɗaure kular ƙanƙara a bayan kabu-kabu ta bar Anka, yau ƙauyukan Bukkuyum, gobe na Gummi, tana bin gidajen da yara ke fama da gudawa. Abin da kowa ke kawar da kai daga gare shi take nema: kashin yara, a 'yar kwalba, ta koma da shi ɗakin gwaji kafin ƙanƙara ta narke, a tura wa masu bincike a jami'a. Matan kasuwa na ce mata "Hure mai turare". Ita kuwa sai ta ce su matso ta shafa musu.

Wahalar aikin ba a hanya take ba. A wajenmu uwa binne kashin ɗanta take yi, don kada wani ya yi wa yaro asiri da shi. Hure ta sha kora, har ta samo dabara. Kwalbar farko a kularta takan zama ta jikarta, Muhsina. Sai ta ɗaga wa iyaye mata ita, ta ce, "Wagga ta jikata ta. In asiri na, gidana za shi fara."

A daminar 2016 gudawa mai jini ta shiga wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum, ta yi ta kwasar yara. Rijiya ɗaya mutanen ƙauyen ke sha da rugar Tsoho, makiyayin da aka haifa a nan. Sakamakon gwaji ya nuna ƙwayar cutar a kashin shanunsa, rabin labarin kuma ya riga Hure isa ƙauyen. Samari suka ce ruga ta tashi kafin Juma'a.

Ɗaya rabin kuwa, wanda masu binciken suka yi mata bayani, shi ne wannan ƙwayar tana cikin hanjin kowa, mutum da dabba, iri-iri, yawancinsu ba ruwansu da kowa. Wasu ne ke ɗauke da ƙwayar gado mai sa su fitar da dafi, suna kuma ara wa juna ita kamar yadda maƙwabta ke aron rariya, tana sauyawa a hanya. Ba wanda zai ce ga gidan da ta fito.

Malam Haladu, limamin ƙauyen, shi ya ba ni labari. Ya ce ta sauka daga babur, ko gyara mayafi ba ta yi ba, ta kutsa taron maza.

"An samu ga shanun Tsoho, gaskiya na," in ji ta. "An samu ga awakinku. An samu ga Muhsina jikata, da ba ta taɓa shan ruwan wagga rijiya ba, tana can Anka tana wasa lafiya lau. In kora za a yi, ku fara da gidana."

A makon aka ɗaga bakin rijiya, aka yi wa dabbobi mashaya daban, ruga ta zauna. Amma magana ta kai Anka. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu wasa da Muhsina, surukar Hure ta daɗe ba ta gaishe ta ba.

Ke kin san haka za a yi, Inna, kuma kika faɗa. Har yau Tsoho na aiko miki da madara, ke kuwa sai kin tafasa ta tukun. Allah Ya saka miki da alheri.

Ƙarshen watan nan Inna Hure za ta ajiye aiki, gwiwa ta ƙi. Hankalina bai kwanta ba, don damina ta matso, kular kuma za ta zauna jingine a ɗakin gwaji ba mai ɗauka. Na tambaye ta wace takardar makaranta ake buƙata ga wanda zai gaji aikin.

"Takarda mai sauƙi ta," ta ce, tana neman takalminta. "Wanda za shi ɗauka, shi taho da kwalbar gidanshi."