Yadda ɗanɗanon burkina ya kayar da ni a tashar Yendi

Ban taɓa mantawa da ranar kasuwar nan ta Yendi ba, cikin zafin da ke zuwa gab da damina, lokacin ina yi wa Hajiya Memuna tallar burkina a tashar mota.

Ga wanda bai sani ba, burkina gero ne da ake turarawa, a haɗa da kindirmo da sukari, a ɗura a kwalba, a jera cikin kula da ƙanƙara. Kindirmon namu na garin madarar waje ne mai zuwa a buhu. Hajiya ke sayen buhu, Anti Fati ke kula da haɗi, mu 'yan talla mu ne a ƙasa.

A makon da abin ya faru wani saƙon murya ya zagaye wayoyin mutane, wai an shigo da madara mai guba, wai yara sun kwanta a wani gari da ba a faɗi sunansa ba. Ciniki ya tsaya. Ni kuwa Allah ya yi ni da fargaba. Karatuna a firamare ya tsaya, amma sai da na tsuguna gaban buhun ina bin rubutun da yatsa, wanda na gane da wanda ban gane ba.

Hajiya ta ce, "Ramatu, buhun nan shi muke sha a gida. Tashi ki tafi tallarki."

Na tafi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. In ɗan wani ya sha ya mutu, wa Allah zai tambaya, ba ni da na miƙa ba? Sai na kafa wa kaina doka ba tare da shawarar kowa ba: duk kwalbar da zan sayar, sai na tsiyaya a kofi na sha a gaban mai saye.

Da farko abin ya yi kyau, har wata tsohuwa mai zuwa Salaga ta sa mini albarka. Sai direbobi suka farga. Dramani, direban motar Bawku, shi ne kan gaba.

"Ramatu, wannan leɓe kawai kika jiƙa. Sha mu gani."

Na ƙara.

"To ta abokina fa? Shi ba ɗan mutane ba ne?"

Na sha. Suna dariya, suna kira mini fasinjoji, ni kuma ina murna ciniki ya dawo. Ban tuna gero yana kumbura a ciki ba. Kafin azahar cikina ya ɗaure kamar ganga, zufa ta keto mini, idona ya fara juyawa. Na ce shi ke nan, gubar ce. Na miƙe na ƙwala ihu, "Jama'a, kada kowa ya ƙara sha!" Sannan na durƙusa jikin tayar motar Bawku na yi ta amai.

Mata suka riƙa watsa kwalabe cikin kwata. Labari ya kai gida, Hajiya ta iso a kan babur.

"Kwalba nawa kika ɗanɗana?"

"Dukansu, Hajiya."

Ta dube ni ta ce, "Kin kashe mini sana'a, da bakinki da cikinki." Na san aikina ya tafi, har da na sauran 'yan talla.

Nan Dramani ya daina dariya. Ya buɗe kular ya ɗauki kwalba, ya hau benci ya ce, "Wallahi ba guba ba ce, mu muka yi mata lodi fiye da ƙarfin mota. Ko tanka ce ai sai ta yi ambaliya." Ya kafa kai ya shanye, abokansa ma suka sha. Aka tsaya ana kallonsu. Ya goge baki ya shiga mazauninsa ya tayar da mota. Fasinjoji suka dubi juna, wani dattijo ya fara shiga, sauran suka bi.

Ciniki bai farfaɗo nan take ba, amma ya farfaɗo. Abin da na koya, ku sababbin 'yan talla, shi ne mai saye fuskarki yake dubawa kafin ya dubi kwalba. In tsoro ya gani, ko me kika sha a gabansa ba zai yarda ba.

Hajiya ba ta kore ni ba. Ta mayar da ni wankin kwalabe, ta ce a can fargabata za ta yi amfani. Har yau ina can, kowace kwalba sai na wanke, na ɗaga ta ga rana, na sake wankewa. Yanzu sabulu ne ba ya kai mana ƙarshen mako.