Aljihun Hagu na Rigunan Baba

Shekarar da aka sa wa Baba batirin zuciya a Kano, ni na yi jinyarsa. Likita ya nuna min ɗan tudun da ke ƙirjinsa ta hagu, ya ce kada wayar salula ta zauna a wurin, kada kuma Baba ya riƙa sunkuyawa kan injin ban-ruwa idan yana aiki. Karatuna bai wuce firamare ba, sai da na sa ya maimaita sau uku.

Muna dawowa Haɗeja na duba rigunan Baba. Kowace aljihunta na gaba a hagu yake, kuma nan yake jefa wayarsa ya kunna karatun Alƙur'ani yana zagaya gona. Na ji tsoron yi masa magana, don bai taɓa son a tuna masa rashin lafiya ba. Sai na kwashe rigunan a ɓoye na kai wa tela, na ce ya ɗinke bakin kowane aljihu.

Washegari Baba ya sa hannu a aljihu, hannu ya zame.

"Kai, wa ya toshe min aljihu?"

"Ni ne, Baba. Likita ne ya ce..."

"Au, shi likitan har ɗinki yake yi?"

Ya wuce gona abinsa, ni kuma na ɗauka an gama.

Da lokacin ban-ruwan alkama ya zo, wata safiya a fadama na hango shi ya zauna daɓas a kan kunya, ya dafe ƙirji. Na ruga. Ya ce jiri ne, zai wuce. Ina ɗaga rigarsa don ya sha iska sai na ga igiyar buhu a wuyansa, waya na rataye, ta kwanta daidai kan tudun nan. Makonni tana wurin. Ɗinkina ne ya kai ta.

A Kano likita ya ɗora wani abu a ƙirjinsa, allo ya nuna abin da zuciyar ta yi ranar, har da sa'ar. Ya ce batirin lafiya lau, kuma ba zai iya rantsuwa cewa wayar ce ba. Na tambaye shi, tunda na'ura tana karanta zuciyar Baba ba tare da an tsaga shi ba, ashe wani mugu ma zai iya? Ya ce abu ne mai wuya ƙwarai. Bai ce ba zai yiwu ba, kuma har yau wannan na riƙe.

A mota na faɗa wa Baba gaskiya, na nemi gafararsa. Ya juyo ya ce:

"Da ka tambaye ni, ai da na ce a mayar da shi dama."

Shi da kansa ya kai wa tela rigunan. Yanzu wayar a dama take. Duk da haka, kullum na durƙusa gaishe shi, wuyansa nake fara kallo.