Ranar da Na Lulluɓe Odinata da Gyale

Har yanzu in na ɗora hannu kan suri, ɗan abin nan da ake jan kibiyar odinata, wato kwamfuta, da shi, sai in tuna ranar nan. Abin bai daɗe ba.

Bayan na ci jarrabawar brebe, kawuna ya samo mini gwajin aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, mai kula da allurar dabbobi a Filinge. Shef, shugaban wurin, ya ce in na iya a riƙe ni, in ban iya ba akwai wata tana jira.

Aikina shi ne zuba yawan dabbobin da aka yi wa allura cikin tablo. Fili ne mai ƙananan ɗakuna: garuruwa a hagu, shanu da tumaki da awaki kowa da layinsa, can ƙasa kuma wani ɗaki yana haɗa jimilla da kansa.

Ran nan shef ya tafi Yamai. Na shigar da shanun Bonkuku lafiya. Ina gama na Baleyara, sai jimillar ta ɓace. Wasu 'yan sanduna masu gicciye suka cika wurin kamar darni. Aikin damina guda ke cikin ɗakin nan! Na danna, na sake dannawa, darni yana nan. Na cire gyalena na lulluɓe odinatan.

Sakatariyarmu, dattijuwa sa'ar uwata, ta shigo da ƙwaryar fura.

"Ke ɗiya, wa ya rasu? Ko masassara ta kama shi?"

"Inna, na kashe shanun ƙasar Kurfai duka."

Ta yaye gyalen, ta duba, ta yi dariya har fura ta kusa zubewa.

"Duka? Ko maraƙi ba ki rage ba? Ke, a gidanku in shanu sun yi yawa, ba buɗa garke akan yi ba?"

Ta kama hannuna, muka kai kibiyar bakin layin, muka ja shi dama. Darni ya kau, lambar ta fito. Tsawo kawai ta ƙara, ɗakin ya yi mata kaɗan.

"Don Allah, Inna, kada shef ya ji."

"Ni? Wa ya taɓa jin bakina?"

Washegari shef ya duba tablon, ya ce an riƙe ni. Ina ta godiya. Sai da ya kai ƙofa ya waiwayo.

"Amma ɗiyata, ki riƙa barin shi yana shan iska. Bai saba da gyale ba."